Mashin Takwas, Babu Wurin Zaman Yarinya Ɗaya

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Baba Fasto, Mama Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata na zumunta, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku. Ku yabi Ubangiji!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Rifkatu, amma Maman Alheri aka fi kirana. Maigidana Ishaku ga shi can a bencin baya ya sunkuyar da kai. Kada ku ji tausayinsa. Shi da bakinsa ya ce in tashi in faɗa, kuma ya ce kada in rage komai. To, ba zan rage ba.

Baban Alheri mutumin kirki ne lokacin da na aure shi. Ya yi golmo, noman neman aure, a gonar babana, ya noma dawa har tafin hannunsa ya yi kanta, kafin a ba shi ni. Yana da ɗan shagonsa na taki da maganin feshi a kasuwar Zuru, muna ci muna sha. Abu ɗaya ne yake cin ransa. Babansa soja, yayyensa biyu soja, shi kuwa da ya je wurin ɗauka aka zagaya masa tef a ƙirji aka ce bai kai ba. Kun dai san garin nan. Gidan da babu hoton mai kaki a bango, sai a riƙa yi masa kallon ba a haifi namiji a ciki ba.

Sai Shaiɗan ya kawo masa kakin da ba a awon ƙirji.

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa Zuru, ƙananan mashina 'yan Caina suka cika gari, samari suka rungumi kabu-kabu suna neman abincinsu. A daidai lokacin ne wasu magidanta, masu mata da 'ya'ya fa, suka sayo tsofaffin manyan mashina 'yan Kwatano, suka haɗa kai suka sa wa kansu suna wai mazan hanya. Shugabansu Sajan Bawa, tsohon soja mai ritaya. In yana magana sai ka ɗauka shi kaɗai ya ci yaƙi. Daga baya matar wani kofur ta gaya mini a kicin ya yi aikin sojansa, tukunyar wake kaɗai ya taɓa yi wa kwanton ɓauna.

Mene ne aikinsu? Yau Yauri, wani mako Kontagora, wani Gusau, har Jos sun je. Biki ake yi? A'a. Gaisuwar mutuwa? A'a. Kasuwanci? Ina! Su isa gari, su ci tsire, su jera a gindin allon sunan garin a ɗauke su hoto, su juyo. Shi ke nan an yi tafiya. In suka dawo ba a wanke mashin sai an zagaya kasuwa da shi, kowa ya ga taɓon wata jiha. Rigar fata baƙa suke sawa, a zafin Zuru, 'yan'uwa! In Baban Alheri ya cire tasa a ɗaki sai na buɗe taga na kori yarinya waje.

Duk wannan da sauƙi. Dokarsu ce ta kusa cinye mini gida.

Wata rana Sajan ya tsaya shan mai, sai wata tsohuwa da kwandon tumatir ta ɗaga masa hannu ta ce, "Kabu-kabu, kasuwa!" Shi ke nan laifin da baiwar Allah ta yi. Sajan bai iya cin abinci ba ranar. Washegari ya kai mashin wurin mai walda, aka cire kujerar baya, aka yanke ƙarfen da mai zama a baya yake ɗora ƙafa, aka liƙa akwatin ƙarfe a wurin. Sauran suka bi layi kamar tumaki. A jikin akwatin suke rubuta sunayen garuruwan da suka je da farin fenti.

A gindin mangwaron ƙofar gidanmu suke taruwa, ina daka ina jin wa'azin Sajan.

"Ku ji ni da kyau! Mai tuƙi daban, ɗan dako daban. Namijin hanya shi da mashin nai da hanya, ba na huɗu. Duk wanda ya ɗora mutum bayanshi, ko kyauta ya ɗauka, ɗan kabu-kabu ne. Ya aje rigarmu ya tafi tasha."

Su kuma su amsa, "Haka ne, Sajan!" Mijina ya fi kowa ɗaga murya.

Ranar da ya dawo da nasa akwatin har kirana ya yi in zo in gani. Ya sa ƙafa ya tokare shi ya ce, "Maman Alheri, dubi walda. Ko tirela ta bi ta kansa ba zai fita ba." Na ce masa sannu da ƙoƙari, na koma na ci gaba da tankaɗe.

Tun daga ranar, in zan kai niƙa, a kaina. In zan je awo, a ƙasa. Mai mashin mafi tsada a unguwa ne mijina, ni kuwa samarin nan da suke rainawa su ne suke ɗaukata. Gaskiya zan faɗa a gaban Allah, na gaji har na daina yi masa addu'a. Ba'a kawai nake yi masa, kuma na iya.

To, ga ranar da na tashi in ba da shaida a kanta.

Lokacin cirar gyaɗa ne. Surukata, Mama, tana zaune a tungarsu can bayan Kanya, ta aiko a zo a taya ta aiki. Ni da Alheri muka hau bas zuwa Kanya, muka ƙarasa tunga a ƙafa. Alheri tana 'yar shekara shida lokacin, ita kaɗai Allah Ya ba mu. Baban Alheri ya ce shi ba zai samu zuwa aiki ba, suna da tafiya, amma za su biyo su gaida Mama a kan hanya. Na san ba gaisuwa ce ta kawo su ba. So yake mutanen tunga su ga ɗansu a cikin jerin gwano.

Da hantsi suka iso, su takwas. Kaji suka watse, awaki suka tsinke igiya. Suka jera mashinan a gindin ɗorawa, suka cire hular kwano a tare kamar masu fareti. Mama ta kawo musu kunu, suna sha suna ba tsofaffi labarin hanyar Jos.

Ina can bayan rumbu ina tsinkar gyaɗa sai na ji ihun ɗiyata.

Ta je ɗauko harawa ne ta ba akuya. Kububuwa tana kwance a ƙarƙashin tarin, ta sare ta a idon sawu. Na ga macijin da idona yana jan jiki yana shigewa cikin ciyawa. Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san kububuwa, ya san kuma dalilin da ya sa ake ce mata gobe da nisa.

Na sungumo ta na zo da gudu. Ƙafa ta fara kumbura tun kafin in kai gindin ɗorawa. Na ce, "Baban Alheri, tashi! Zuru! Allurar dafin sai Zuru!"

Ya miƙe, ya ruga wurin mashin, ya tayar da shi. Sai ya juyo ya dube ni da yarinya a hannu, ya dubi akwatin. A nan ya tsaya.

'Yan'uwa, mashin takwas! Kowanne tankinsa cike da fetur, kowanne ya san hanyar Jos. Babu ko ɗaya da yake da wurin da yarinya 'yar shekara shida za ta zauna, balle ni da zan riƙe ta. Ranar kuma kasuwar wani ƙauye take ci, mutum ɗaya da yake da mashin a tungar ya tafi tun asuba. Jakuna biyu suka rage da keken da ba shi da sarƙa.

Sai mazan hanya suka fara shawara. Wani ya zaro reza wai a tsaga wurin. Wani ya ɗaga waya sama yana zagaya ɗorawa yana neman sabis, a tungar da ko rediyo sai an hau dutse. Wani ya ce bari ya je Kanya ya kira ɗan kabu-kabu. Kun ji fa! Mama ta ce masa duk suna kasuwa, sai yamma. Sajan kuwa ya rataye hannu a baya ya ce mini, "Madam, kwantar da hankalinki. Mashin wanga ba a yi shi don ɗaukar mutum ba. Za mu tura mutum Zuru shi zo da mota."

Na ce, "Ya je Zuru, ya nemi mota, ya dawo, sannan a sake komawa? Gawa za ku kai ke nan, Sajan?"

Mijina yana can ya ɗauko sifana yana dukan akwatin. Ya jefar da sifana ya ɗauki dutse. Ya yi ta duka har yatsunsa suka fashe, yana kuka yana zagin mai walda. Akwati ko gezau. Ai ya faɗa, ko tirela ba ta fitar da shi.

Na duba fuskar Alheri, sai na ga jini yana tsattsafowa daga dasashinta. Ta ce, "Mama, bakina gishiri."

Na durƙusa a ƙasa da ita a cinyata, a gaban ƙartin nan takwas, na ɗaga murya. Ban yi addu'a mai tsari ba. Cewa na yi, "Yesu! Ita kaɗai gare ni, Ka sani! Waɗannan mutane sun yanke wurin zamanta da hannunsu. Ni ba ni da dabara. In Kana da hanya Ka nuna mini yanzu, ba anjima ba!"

Ban ji murya daga sama ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ina buɗe ido sai tsoro ya sake ni, hannuna ya kai kan zanena da kansa. Abin da kowace mace a nan take yi tun tana yarinya, shi Ubangiji Ya tuna mini.

Na miƙe na ce, "Baban Alheri, cire rigar nan."

Kun san abin da ya yi? Ya juya ya dubi Sajan. Ɗiyarsa tana zubar da jini ta baki, shi kuma yana neman izini a fuskar mai dafa wake! Kallon bai daɗe ba, amma na gan shi, kuma shi ma ya san na gani.

Ban jira ba. Na kama wuyan rigar na fizge ta daga jikinsa na jefar a cikin kashin awaki. Na ce, "Hau mashin. Duƙa." Ya hau, ya duƙa. Na ɗora Alheri a gadon bayansa, na kwance zanena na goya masa ita, na ɗaure a ƙirji tamau. Mama ta cire ɗankwalinta ta miƙo, na yi majanyi da shi na ƙara ɗaurewa a ƙugu. Ƙafar da aka sara na bar ta tana reto a gefe. Na tsaya daga ni sai siket na ciki, ban ji kunyar kowa ba, don ban ga wanda zan ji kunyarsa a wurin ba.

Na ce masa, "In ka tsaya a hanya, kada ka dawo gidana."

Ya tafi.

Sai sauran bakwai suka ruga suka hau nasu, wai za su yi masa rakiya su buɗe hanya. Wace hanya? Hanyar tunga da ba kowa a kanta sai kadangaru! Suka bi shi suna danna hon, suka bar ni tsaye. Mashin bakwai babu kowa a baya, uwar yarinya kuma a ƙasa.

Mama ta ba ni wani zane na ɗaura, na kama hanyar Kanya da ƙafa. Ina tafiya ina kiran sunan Yesu, ina faɗuwa ina tashi. Ban san ko ɗiyata tana numfashi ba. A kan hanyar nan na yi wa mijina addu'ar da na daɗe ban yi ba. Na ce, "Ubangiji, Ka riƙe hannunsa. Wawa ne, amma shi ke ɗauke da ita." A Kanya na samu akori-kura mai buhunan gyaɗa za ta Zuru, direban ya ga halin da nake ciki ya ce in hau gaba.

Na iso asibiti rana ta yi sanyi. Wa zan fara gani a bakin ƙofa? Mazan hanya, sun jera mashina, sun tara masu sayar da lemo suna ba su labari. Sajan yana nuna yadda ya kwanta a wata kwana. Da ya hango ni sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Madam, mun kawo ta cikin lokaci."

Na ce, "Da me kuka kawo ta, da hon?" Na wuce.

Na tarar da ita a gado, an sa mata ruwa, ƙafa ta kumbura har gwiwa. Babanta yana zaune a ƙasa, zanena har yanzu a wuyansa, singiletinsa duk jinin bakinta. Likita ya ce an yi mata allura amma jininta bai fara daskarewa ba tukuna, za a ƙara wata, sauran kuma sai addu'a. Ya ce da an ƙara jinkiri da ba wannan maganar ake ba.

Iyayena mata na zumunta, kun tuna. Kun zo kun cika barandar asibitin nan, kun yi ta roƙo tare da ni. Mama Fasto, ke kika riƙe kaina lokacin da aka ɗebi jininta karo na biyu aka ce har yanzu. Allah Ya sāka muku. Da aka sake ɗiba, ma'aikaciyar jinya ta fito da 'yar kwalbar a hannu, ta karkata ta a gabana, jini ya tsaya cak bai zubo ba. Haleluya! Ban taɓa sanin mutum zai yi rawa don ya ga gudan jini ba, amma na yi.

Ku yabi Ubangiji!

Saura kaɗan in gama. Bayan 'yan kwanaki, Alheri ta fara zama tana shan kunu, sai ga Sajan ya shigo ɗakin da ledar lemo. Ya gaishe ni sama-sama, ya ja Baban Alheri gefen gado, ya yi gyaran murya.

"Ishaku, mun zauna a kan maganarka. Wasu sun ce ka karya doka, duk gari ya gan ka da goyo kamar mace, yaran tasha na ta dariya. Amma ni na duba lamarin da kyau. Yarinya ba ta zauna bisa mashin ba, bisa bayanka take. Saboda haka doka ba ta karye ba. Kana nan cikinmu. Asabar mai zuwa Birnin Kebbi."

Zama suka yi, 'yan'uwa! Ɗiyata tana tsakanin rai da mutuwa, su kuma suna gindin mangwaro suna shari'ar inda ɗuwawunta ya taɓa.

Na zuba wa mijina ido in ji abin da zai ce. Sai na ji ya ce, "Na gode, Sajan."

Zuciyata ta mutu. Na ce a raina, Ubangiji, Ka ceci yarinya amma uban ya tafi ke nan. Na buɗe baki zan wanke su biyun tas, ko da za a kore ni daga asibitin. Ban samu na yi ba, Allah Ya riga ni, kuma ba da bakina Ya yi aikin ba.

Alheri ta ajiye kofin kunu ta ce, "Baba."

Ya ce, "Na'am, uwata."

"Mashin ɗinka yana da daɗi. Iska tana ta bugun fuskata, na ga itatuwa suna gudu." Tana murmushi, leɓenta duk a fashe. Sai ta ce, "In na warke, in maciji ya sake sarata, za ka sake ɗaukata?"

Matar da ke jinyar ɗanta a gadon kusa ta juya fuska bango. Baban Alheri ya zame daga bakin gadon ya durƙusa, ya kifa fuskarsa a kan katifa kusa da kumburarriyar ƙafar nan, ya fashe da irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Yarinya ta tsorata tana shafa kansa tana cewa, "Baba, yi haƙuri, ba zan sake zuwa wurin harawa ba."

Sajan ya ajiye lemonsa, ya fita. Asabar ta zo suka tafi Birnin Kebbi su bakwai. Mijina bai sake bin su ba har yau, kuma ban ce masa ko kalma ɗaya ba.

Alheri, tashi su gan ki. Ga ta can cikin 'yan kwaya, da ƙafafunta biyu. Tabo ne kawai ya rage a idon sawu.

Na gode wa Yesu da Ya tsayar da jinin ɗiyata. Na gode Masa da Ya kwance mijina daga hannun mutanen banza, lokacin da ba'ata da faɗana suka kasa. 'Yar'uwa, in kin gaji da yi wa naki addu'a kamar yadda na gaji, ki koma ki durƙusa, Ubangiji bai gaji ba. Ku kuma iyayenmu maza, kowa ya san abin da ya yanke wa iyalinsa don abokai su yaba masa. Ku dogara ga Yesu ku gyara tun yau, kada ku bari sai ɗan cikinku ya yi muku tambayar da Alheri ta yi wa babanta.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.